Wa zai biya kuɗin mashigai tsakanin hanyoyinmu da layin dogo a ƙasar Daura?

Baban Aisha, Daura:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman izinin dattawan wannan zaure in gabatar da wata magana da ta taso a taron unguwarmu, wadda muka raba dare a kanta har muka watse ba mu tsayar da matsaya ba. Kowa a nan ya san aikin layin dogon da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, zamanin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, wanda ya taso daga Kano ya biyo ta Dambatta da Kazaure ya shigo Daura, ya zarce Mashi da Katsina da Jibiya, ya ƙare a Maraɗi, tsawon kimanin kilomita 284, kuma kamfanin Mota-Engil ne ke riƙe da kwangilar. Babu mai jayayya a kan amfanin aikin. Abin da ya dame mu shi ne dogo ba ya kauce wa kowa, duk hanyar da ya tarar a gabansa, ta kwalta ce ko ta birji ko 'yar turbar da manoma ke bi zuwa gona tun kaka da kakanni, raba ta yake yi gida biyu.

Wani dattijo daga cikinmu ya kawo shawarar cewa ƙananan hukumomin da layin ya ratsa su riƙa ware wani abu daga kasonsu na wata-wata, a tara a asusu guda, a gyara wuraren da hanyoyinmu suka haɗu da dogon, da kuma inda hanyoyin ƙauyuka suka faɗo kan manyan tituna irin na Daura zuwa Kano da Daura zuwa Katsina. Hujjarsa ita ce tun da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzuri ya ƙare. Wasu kuma suka ce wanda ya shimfiɗa dogo shi ya kamata ya gina mashiga. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga dattijon, domin in haɗari ya auku ba daga Abuja ake zuwa ɗaukar gawa ba. Amma ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sanin doka da aikin gwamnati.

Tsohon Kansila:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, niyyarsa mai kyau ce, sai dai ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo. Na zauna a majalisar ƙaramar hukuma, na ga yadda kuɗin nan ke shigowa da yadda yake fita. A rabon arzikin ƙasa, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60, kuma wannan kaso na ƙarshe ƙananan hukumomi 774 ne ke raba shi, 34 daga ciki namu ne na jihar Katsina. In aka karanta adadin a rediyo sai mutum ya ji kamar dukiyar Ƙaruna ce. Amma kafin shugaban ƙaramar hukuma ya taɓa kwabo, an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya matakin farko, da kuɗin 'yan fansho, da kason masarauta. A zamaninmu abin da ke saura bayan waɗannan bai taka kara ya karya ba. Akwai wani kwalbati guda a mazaɓata da sai da muka sa shi a kasafin kuɗi shekara uku a jere kafin aka zuba masa siminti, kuma duk damina sai mutanen ƙauyen sun tattare wando sun tsallaka da buhunan taki a ka.

Na yarda cewa tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin da ake rabawa ya ƙaru. To amma mafi ƙarancin albashi ma ya koma naira 70,000 a 2024, kuma siminti da rodi da man gas duk sun yi tashin gwauron zabi. Ku dubi gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, ai gwamnatin jiha ce ta gina ta, domin babu ƙaramar hukumar da za ta iya tunkarar irin wannan aiki. Gada guda a kan layin dogo za ta iya lamushe kuɗin ayyukan ƙaramar hukuma na shekaru, a bar rijiyoyin burtsatse a lalace, azuzuwa ba rufi. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba wannan ba ne. Ranar da ƙaramar hukuma ta fara biyan kuɗin aikin da yake na tarayya, ta koya wa na sama cewa akwai mai ɗaukar musu kaya, kuma ba za su sake karɓarsa ba.

Barista:
Ranka ya daɗe Kansila, ka kama bakin zaren, amma bari in warware shi ta fuskar doka, domin ina ganin an haɗa abubuwa uku an kira su da suna ɗaya. Akwai dogon kansa, akwai babban titi, akwai kuma hanyar ƙauye da ke zuwa ta same su. Kowanne da mai shi.

Manyan titunan da aka ayyana a matsayin na tarayya suna cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu a tsarin mulkin 1999, kuma Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar gyaran titunan tarayya, wato FERMA, wadda aka kafa a 2002, su ne ke da alhakin gina su da gyara su. Ko gwamna ne ya ga dama ya gyara titin tarayya, sai ya nemi izini, kuma jihohin da suka yi hakan a baya sun daɗe suna bin bashin kuɗinsu. Harkar jirgin ƙasa ita ma a can take, sai a watan Maris na 2023 da aka yi wa tsarin mulki gyaran da ya ba jihohi damar shiga cikinta. Ku lura, jihohi aka ce, ba ƙananan hukumomi ba, kuma wannan gyara bai mayar da layin Kano zuwa Maraɗi na wata jiha ba. Saboda haka shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hurumin ya tura ɗan kwangila ya haƙa ƙarƙashin dogo ko ya kafa ƙofa a kansa, ko da kuɗin yana hannunsa.

Amma a buɗe jadawali na huɗu na tsarin mulkin a ga abin da aka ɗora wa ƙaramar hukuma. An ambaci gina hanyoyi da kula da su, da fitilun titi, da magudanan ruwa. An ambaci kafa kasuwanni da tashoshin mota da tsara su. Har lasisin kekuna da amalanke da baro yana ciki. Wato duk abin da ke kawo mutum da dabba da kaya bakin dogo ko bakin kwalta, a hannunta yake. A nan ne kuɗinta ya halatta, a nan ne kuma ba ta da wanda za ta nuna wa yatsa.

Game da hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, gaskiya ne kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma ta haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun majalisu su naɗa kantomomi. Sai dai aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa, kuma ko da an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, abin da ya canza shi ne hanyar da kuɗin ke bi, ba ikon da doka ta ba kowane mataki na gwamnati ba.

Injiniya:
Na gode wa Barista, ya share mini fage. Ina so in jawo hankalin zaure ga wani abu da ya fi kuɗi muhimmanci a wannan magana, wato lokaci. Tun ran gini ran zane. Mashigar da aka sa a cikin zanen aiki, aka gina ta tare da tudun da ake shimfiɗa dogo a kai, kuɗinta kaɗan ne in aka kwatanta da wadda za a zo a gina bayan jirgi ya fara gudu. A yanayi na farko ana zuba kankare ne kafin a cike ƙasa a kai, ga ma'aikata a wurin, ga injuna, ga tsakuwa. A yanayi na biyu kuwa sai an tsayar da zirga-zirgar jirgi, an ɗage ƙarfen dogo, an farke tudun, an sake dannewa an sake gwaji, kuma da wuya a sami hukumar da za ta yarda da wannan saboda ƙauye guda.

Ya kamata kuma mu fahimci irin jirgin da ke tafe. Tsohon layin Turawa da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, wannan sabon kuwa milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma an tsara shi ne domin gudu mai yawa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta kama hanya kamar yadda taya ke kama kwalta, shi ya sa jirgi mai kaya zai iya cin fiye da kilomita guda bayan an taka birki kafin ya tsaya. Direban jirgi yana iya hango amalanke a kan layi, ya busa ƙaho, ya ja birki, amma ba shi da sitiyarin da zai kauce da shi. Mu tuna abin da ya faru a Ikeja ta jihar Legas ranar 9 ga Maris 2023, inda jirgi ya yi awon gaba da motar bas ɗin ma'aikatan gwamnati a wata mashiga, mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Wannan a cikin birni ke nan, inda mutane suka saba da jirgi. Ina ga ƙauyen da ba a taɓa ganin jirgi ba?

Saboda haka mashigar da ta fi aminci ita ce wadda hanya da dogo ba sa haɗuwa ko kaɗan, ko dai hanya ta hau gada, ko ta bi ta ƙarƙashi. Ga manyan tituna, gada ce, kuma wannan aikin mai dogo ne, babu tantama. Ga hanyoyin gona da na dabbobi, babban kwalbati mai kusurwa huɗu ya wadatar. Amma a nan ne matsalarmu ta ƙasar Daura take: ƙasarmu rairayi ce. Kwalbatin da aka gina yau, in ba a yi masa magudana ba, a watan Agusta zai koma kududdufi, da rani kuma yashi ya cike shi har rabi. Tudun dogo shi kansa tamkar madatsar ruwa ne da aka ja ta tsakiyar gonaki, ruwan da ya saba bin wata hanya zai taru a gefe guda ya nemi mafita, kuma mafitar da zai samu ita ce wannan mashiga da aka gina wa mutane. Da zarar ta toshe, mutane za su koma hawa kan layin, in an yi shinge su yanka shi. Yashe kwalbati da gyara magudana da zuba birji a hanyar da ke shiga cikinsa, wannan shi ne aikin da nake ganin kuɗin ƙaramar hukuma zai iya, kuma shi ne aikin da in ba ta yi ba babu mai yi.

Direban Katsina zuwa Daura:
Gaisuwa ga manya. Na ga maganar dogo tana neman ta danne ta titi, alhali jirgi bai fara ɗaukar rai a nan ba, titi kuwa kullum ɗauka yake. Shekaruna fiye da ashirin a kan wannan hanya, kuma zan iya lissafa muku wuraren da gabana ke faɗuwa in na doso su. Yawancinsu ba ramuka ba ne, mahaɗa ce. Hanyar ƙauye tana ƙasa, kwalta tana sama, saboda haka mai babur ko mai motar ɗaukar kaya dole ya taho da ƙarfi domin ya hau, sai kawai ka gan shi a gabanka. Tayoyinsu kuma suna kwaso yashi da tsakuwa su watsa a kan kwalta, mai babur na gaba ya zo ya zame. Da za a ciko waɗannan hanyoyi su daidaita da titi, a zuba musu kwalta ko da taku ɗari ne daga bakin mahaɗar, a sare dogayen ciyayi da ke tare gani da damina, da an rage zubar da jini.

Sai kuma ranar kasuwa. Ƙaramar hukuma tana tura ma'aikatanta su yanki rasit ga mai tumatir da mai awaki da suka baje a kafaɗar titi, motoci suna lodi a kan kwalta, wato tana karɓar haraji daga haɗarin da ya kamata ta kawar. In mota ta buge yaro, mutanen gari su fusata su tara ƙasa da duwatsu su yi tudun rage gudu, ba fenti ba alama, da dare wani baƙon direba ya zo ya hau shi ya wuntsila. Ni ban nemi a yi mini gada ba. A matsar da kasuwa baya, a yi tasha mai shinge, a sa fitila mai aiki da hasken rana.

Malama:
Ina goyon bayan Direba, ina kuma so in ƙara abin da iyaye mata ke faɗa, tun da ba kasafai ake kiranmu taron da ake yanke irin wannan shawara ba. Idan masu zane suka ce an bar mashiga a nisan kilomita biyu daga ƙauye, a takarda wannan ba komai ba ne. Amma makarantar da nake koyarwa yara ne 'yan shekara shida da bakwai ke zuwa daga rugage da ƙauyukan kewaye. Yaron da yake hango makarantarsa a tsallaken layi ba zai yi zagayen kilomita biyu zuwa, biyu dawowa ba, zai bi ta kan dogo ne. Uwar da ta san haka kuwa za ta zaɓi ta ajiye 'yarta a gida, kuma mu da muke fama da neman a kawo yara mata makaranta mun san ba a rasa uzuri. Haka mai naƙuda da za a ɗauka a amalanke cikin dare zuwa asibitin karkara, haka masu ɗibar ruwa in rijiyar ta faɗa ɗaya ɓangaren. Makarantun firamare da ƙananan asibitoci duk ƙaramar hukuma na da hannu wajen gudanar da su, ita ta san inda kowanne yake da ƙauyukan da ke dogara da shi. Ko ba ta kashe kwabo ba, tattara wannan bayani ta miƙa shi a rubuce ga masu aikin dogo wajibi ne a kanta.

Ɗan Ardo:
Allah ya ba iyayenmu nasara. Ina roƙon Injiniya ya saurare ni, domin akwai abin da takarda ba za ta gaya masa ba. Saniya ba ta shiga rami mai duhu. In kwalbati ya yi ƙunci, ko ba a hango haske a ɗaya bakin, ko akwai ruwa kwance a ciki, ta gaba za ta toge, kuma in ta toge duk garken ya tsaya. Makiyayin da ke da shanu hamsin a bayansa da gonakin mutane hagu da dama ba zai tsaya lallashi ba, zai kora su ta kan layi ne. Saboda haka faɗi da haske su ne mashigar dabbobi, ba ƙarfin kankare kaɗai ba. Tsayi ma abin dubawa ne, domin amalanken da aka ɗora wa kara ko harawa bayan girbi, da raƙumi da kayansa, ba za su wuce inda aka auna da tsayin mutum ba.

Abu na biyu shi ne burtali. Dabbobin da ake kaiwa kasuwar Mai'aduwa da waɗanda ke saukowa daga Nijar da rani suna da hanyoyin da suka saba bi, kuma an riga an cinye da yawa daga cikinsu da noma. In aka gina mashiga a inda ba burtali, to an tilasta wa garke ya ratsa gonar wani kafin ya isa gare ta, kuma kowa a jihar nan ya san abin da ɓarnar gona guda ke iya haifarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambayi ardo da mai unguwa da dagaci, za su nuna burtalin da ƙafa, har da inda aka cinye shi.

Mutumin Funtuwa:
Ku ba ni dama in tsoma baki daga kudancin jiha, domin mu mun riga ku zama da dogo. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta garinmu zuwa Gusau ya kai Ƙauran Namoda tun 1929. Da jirgi ya yi ƙaranci, sai mutane suka manta da shi, aka matso da rumfuna da shaguna har bakin ƙarfe, aka buɗe hanyoyin tsallakawa a duk inda aka ga dama. Babu wanda ya zauna ya tsara hakan, a hankali ya faru, rumfa bayan rumfa. Ina faɗa muku ne domin ku sani cewa tasha tana jawo gari. Duk inda aka kafa tashar jirgi ko mashiga, mai shayi zai zo, mai tsire ya biyo shi, 'yan acaɓa su kafa layi, kafin shekara biyar an sami kasuwa. In ba a shata fili tun yanzu an ce nan ne iyaka ba, daga baya rusau za a yi, kuma rusau ba ya yi wa kowa daɗi.

Ɗan Autan Zaure:
Iyayena, ku gafarce ni, ni ne ƙarami a nan, amma akwai tambayar da ban ga an yi ba. In aka buɗe asusun da dattijon ya ambata, wa zai riƙe shi, wa kuma zai duba abin da aka yi da shi? Mun sha ganin allon kwangila a bakin hanya ya yi tsatsa aikin bai zo ba. Kafin in yarda a ware kuɗi, ina so in ga an liƙa kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a sakatariya, kowa ya karanta, a rubuta sunan kowace mahaɗa da kuɗin da aka sa mata. In ba haka ba, mun buɗe wata sabuwar kafa ce kawai da sunan ceton rai.

Tsohon Kansila:
Ɗana, tambayarka ta yi daidai, kuma ita ce dalilin da ya sa har yanzu ban amince da asusun bai-ɗaya ba. Kuɗin da aka ce na kowa ne yakan zama ba na kowa ba, kuma mun ga haka a asusun haɗin gwiwa. Amma bayan na karanta bayanin Injiniya da na Direba, zan sassauta matsayina. Abubuwan da suka lissafa, ciko da birji da yashe magudana da fitila da matsar da kasuwa, ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, kuma kowace za ta iya sa su a kasafinta da sunansu, yadda kansilan mazaɓar zai amsa tambaya in ba a yi ba. Akwai ma shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda jihar Katsina ke ciki, kuma shugaban da ya san aikinsa zai nemi a duba hanyoyin da ke kaiwa ga mashigai da kasuwanni in ana zaɓen waɗanda za a yi.

Sai dai in yi gargaɗi guda daga abin da na gani da idona. Shugabanni suna son aikin da za a yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Babu mai yanke kyalle a kan yashe kwalbati, ko sayen batirin fitila, ko albashin mutumin da zai tsaya da tuta yana tsallakar da 'yan makaranta. Waɗannan kuɗaɗe ne na kowace shekara, kuma su ne ake fara yankewa in wata ya yi nisa. A mazaɓata an taɓa kafa fitilu masu kyau a wata mahaɗa, ba a yi shekara biyu ba duk suka mutu, domin ba a rubuta ko naira ɗaya ta kula da su ba. In za a rubuta buƙata, a rubuta ta kula tare da ta gini a shafi guda.

Barista:
Ƙarin bayani kan maganar Ɗan Ardo da ta ɗan'uwanmu na Funtuwa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin amfani da filayen karkara domin noma da zama da kiwo. Wannan na nufin tana da abin da za ta dogara da shi wajen shata burtalin da zai kai ga mashiga, ta biya diyyar amfanin gona ga wanda abin ya shafa, tare da hakimi da dagaci a matsayin shaidu. Wannan diyya ma wuri ne da ya dace kuɗinta ya shiga. Shawarata ita ce kada takardar ta fito daga ƙungiyar unguwa kaɗai. A nemi majalisar ƙaramar hukuma ta zartar da ita a zamanta, a bi da ita ta masarauta da gwamnatin jiha zuwa Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya, a kuma ba 'yan majalisar tarayya da ke wakiltar yankin kwafi. Takardar da ke da lambar fayil ba ta ɓata da sauƙi kamar koken baki.

Injiniya:
Na karɓi gyaran Ɗan Ardo hannu biyu, ban taɓa kora garke ba. Abin da zan ƙara shi ne kada a rubuta cewa ana son mashiga kusa da ƙauye kaza, wannan ba ya aiki a ofis. Masu aikin dogo suna kafa alamomin nisa a gefen layi, a rubuta lambar da ke kan alamar da ta fi kusa, a ɗauki hoton wurin da waya, a faɗi su wa ke bi ta nan da abin da suke ɗauka, a kuma nuna inda ruwa ke bi da damina. Wuraren da aka riga aka gina mashiga su ma a duba su, a rubuta halin da hanyar shiga take ciki.

Baban Aisha, Daura:
Alhamdu lillahi, na gode wa kowa. Zan koma wa dattijonmu da abin da na fahimta, ko da yake na san ba zai ji daɗin a ce an ajiye maganar asusu ba, kuma ni ma har yanzu ina ganin akwai wuraren da ƙananan hukumomi biyu masu iyaka da juna za su buƙaci haɗa kuɗi, musamman inda burtali ya fita daga ɗaya ya shiga ɗaya. Wannan mu bar shi sai mun ga wuraren da idonmu. Ina roƙon Injiniya ya ba mu ranar Asabar mai zuwa mu bi layin daga inda ya shigo ƙasarmu, Malama ta turo mini sunayen makarantu da asibitocin da ke kusa da shi, Direba kuma ya lissafa mahaɗun da ya ce gabansa na faɗuwa a kansu. Barista, daftarin takardar yana wuyanka. Zan sanar da mai unguwa tun yau domin kada a ga baƙi suna aune-aune a gonakin mutane a ɗauka wani abu ne.

Ɗan Ardo:
In Allah ya kai mu Asabar zan zo da amalanke ɗauke da kara, a auna da shi maimakon igiya. Amma a fito da sassafe, domin kafin azahar shanun da za su ja shi suna bukatar ruwa, kuma rijiyar tana tsallaken layin.